Jakar Malam Birki

Litinin, da hantsi

An sallame ni daga asibiti. Dogo ne ya zo ɗaukata, abokin aikina a makarantar koyon tuƙi, tare muka fara tun kanmu bai san furfura ba. Da motata ya zo, wato motar makaranta da nake koyarwa da ita, allon mai koyo yana nan a samanta. Ya buɗe mini ƙofar gaba, na ce baya zan zauna.

"Malam Birki a baya?" in ji shi. "To wa zai taka mini birki in na yi ganganci?"

Na ce jijjiga ce ba na so. Ƙarya nake, bel ne ba na so. Daidai wurin da aka yanka yake bi, kuma a baya ba wanda zai ce in ɗaura.

Matata ta zauna kusa da ni, ledar kayan da Sista ta ba mu tana kan cinyarta. Farar leda ce, ana ganin abin da ke ciki. Na cire hulata na ɗora a kai.

Maƙwabta sun fito yi mini sannu, kowa sai ya tambayi me aka yi. Na ce ɗan aiki ne a ciki, an gama. Na tsaya nesa da su, hannuna na hagu a kan rigata kamar wanda ya sato wani abu.

Talata, da yamma

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Sun yanke wani yanki na hanjina. Sun buɗe wata 'yar ƙofa a cikina, hagu da cibiya, ja kamar cikin baki. Abin da kowa yake shiga bayi ya kulle ƙofa ya yi, ni ta nan yake fitowa, a lokacin da ya ga dama, cikin wata jaka da ake liƙawa a fata. Ba ya sallama, ba ya neman izini.

Likita ya ce wataƙila a mayar bayan wasu watanni. Wataƙilar nan nake riƙe da ita.

Laraba, da safe

Na canja jakar da kaina. Na kulle bayi, na buɗe famfo don kar a ji motsina. Na yanka ramin bakin jakar ya yi faɗi, sai da na ɓata ɗaya kafin ta biyu ta zauna.

Na kwashe matashina da bargo na dawo falo. Na ce wa Tela gadon ya yi mini laushi. Tela nake kiran matata, ɗinki ne sana'arta, kekenta yana ɗakin da yara suka bari da suka tashi. Gidan yanzu daga ni sai ita. Ta dubi matashin, ta dube ni, ta ce, "To." Ta koma kan keke. Yau ya fi kullum ƙara.

Juma'a, da azahar

Ban je masallaci ba. Na ji takun mutane suna wucewa ta bayan taga, na saki labule.

Asabar, bayan la'asar

Dogo ya zo da lemo da gaisuwar ɗalibai. Ya ce Manaja ya ba wani sabon malami motata kafin in warke, kuma sabon har ya goge madubin gefe a jikin ƙofar makaranta. Ya ce ɗalibaina suna kewar tsawata. Wai wata ta ce tun da na kwanta ba wanda ya ce mata, "Ƙafar hagu ba ado ba ce," har ta fara mantawa da kuloc.

Ina cikin dariya abin ya yi ƙara. Doguwar ƙara, irin wadda ba a kuskure ta da wani abu. Na yi tari a kai, amma tarin ya makara. Na murza jikina a kan kujera na ce, "Kujerar nan ta tsufa."

Dogo ya danna hannun kujerar ya ce, "Ai kuwa, sai a kira kafinta."

Ban ƙara jin komai cikin abin da ya faɗa ba. Da ya tashi tafiya ya miƙo hannu zai rungume ni, na ja baya na ce ɗinkin cikina bai warke ba. Ban raka shi ko bakin ƙofa ba, mutumin da ya yi ta zaryar asibiti saboda ni.

Lahadi, da safe

Turare. Na fesa wa riga, na fesa wa bargo, na fesa wa labule.

Talata, da hantsi

Na ɗauko baƙin wandona na aiki don in gwada ko zai shiga. Ya shiga, kuma bai taɓa wurin ba. Na duba, an warware ƙugun, an ɗaga shi sama, an sa roba mai laushi ta ciki. Na ɗauko mai ruwan toka, shi ma haka. Duk wandunana an bi su ɗaya bayan ɗaya. Ashe ƙarar keken ke nan.

Na same ta tana zare zare daga bakin allura. Na ce, "Wa ya ce ki taɓa mini kaya?"

"Ba wanda ya ce."

"To ki daina. Abu ne na ɗan lokaci, in an mayar kuma sai ki sake warwarewa?"

Ta ce, "Sai in sake. Zare ne."

Na fita na buga ƙofa. Wandon yana jikina har yanzu. Ban taɓa sa wandon da ya yi mini daɗi haka ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi.

Alhamis, bayan la'asar

Na tare liman a ƙofar gidansa. Na ce wani abokina ne aka yi wa aiki iri kaza, yana tambaya ko alwalarsa tana tsayawa, ko ya halatta ya shiga sahu da abin a jikinsa.

Ya ce, "Ka gaya wa abokinka ya tsabtace abin da zai iya, ya yi alwala in lokaci ya yi, ya zo ya yi sallarsa. Abin da ya fi ƙarfin mutum ba a kama shi da shi."

Na yi godiya na juya. Sai ya ƙara da cewa, "Ka kuma gaya masa tsohon nan mai tari ya gaje wurinsa na kusa da taga, kuma mun gaji."

Ban waiwaya ba. Har na iso gida ƙeyata tana zafi.

Litinin, da azahar

Asibiti. Ni kaɗai na je, na ce wa Tela ba sai ta bar ɗinkin mutane ba.

Likita ya daɗe yana duban hoton kafin ya dube ni. Ya ce, "Malam, abin da ya rage a ƙasa ba zai riƙe ɗinki ba. In muka mayar, za mu sake buɗe ka, kuma ba na so in sake ganinka a kan teburin nan."

Na ce, "Wato sai yaushe?"

Ya ce, "Wato ke nan."

Ya yi bayani mai tsawo, cewa abin da aka cire an cire shi duka, cewa mutane da yawa ba sa samun wannan sa'ar. Na yi ta gyaɗa kai kamar ɗalibin da bai gane ba kuma yana jin nauyin ya ce a maimaita.

Sista ta kai ni ɗakinta ta duba fatar wurin, ta ce ina yanka ramin da faɗi, shi ya sa take ja. Ta ce akwai wanda yake zuwa karɓar kayansa a kan babur, yana sauri zai koma kasuwa, akwai wadda ta haihu da jakar a jikinta.

Na ce, "Su ba sa zama da baƙo a cikin ƙaramar mota, gilashi a rufe."

Ta ce, "To ka sauke gilashin."

Da sauƙi a bakinta.

Litinin, da magariba

Tela ta tambaye ni me suka ce. Na ce sun ce a ƙara jira. Ta zuba mini shayi.

Laraba, da safe

Ban tashi daga kan kujera ba. Wato ke nan. Wato ke nan.

Alhamis, da yamma

Na je makaranta. In na ci gaba da zama a falon nan sabon malamin zai gaje motar gaba ɗaya, ni kuma ban iya komai ba sai zama a gefen mai tsoro ina ce masa saki kuloc a hankali. Rabin rayuwata a kujerar nan na yi ta.

Manaja ya ce, "Ka tabbata ka warke? Ka rame fa."

Na ce garau nake. Na tsaya daga bakin ƙofar ofis, ban shiga ba. Ya ce in fara da mutum ɗaya ranar Asabar, wani ɗan banki da ya kusa gamawa.

Na yanke shawara: daga gobe ba zan ci komai ba sai shayi. In ba a zuba ba, ba abin da zai fito.

Asabar, da azahar

Ban san ta inda zan fara ba.

Ɗan bankin yaro ne mai tsabta, farar riga, agogo, yana ce mini ranka ya daɗe. Na ɗaura bel, na sassauta shi da hannu ta ƙasa yadda ba zai gani ba. Mun fita lafiya. Ya yi ribas a layin bayan kasuwa bai taɓa komai ba. Har na fara jin ni ne, har na ce masa, "Madubi ba na gyaran gashin baki ba ne," ya yi dariya.

A shataletale wani mai babur ya yanko mana. Yaron ya rikice, maimakon birki ya taka totur. Ni kuma ƙafata ba ta shawara da ni, na taka birkin gefena da duk ƙarfina. Motar ta tsaya cak. Bel ya kama ni.

Na ji lokacin da jakar ta saki. Sai ɗumi.

Ashe yunwa ba ta hana komai, ruwa kawai take mayar da shi.

Yaron ya ja numfashi ya ce, "Kwatar unguwar nan dai." Ya juyo zai ba ni haƙuri a kan totur, idonsa ya sauka a kan rigata, daga nan a kan kujera. Bai ƙarasa maganar ba. Ya sauke gilashinsa a hankali, kamar yana tsoron kar in ji ƙarar saukarsa.

"Ranka ya daɗe, ko in kira wani?"

Na ce, "Mayar da mu makaranta."

Ya mayar da mu. Bai yi kuskure ko ɗaya ba, har sigina ya sa a inda ba kowa. Ni kuma ina kallon gaba, ina karanta lambar motar da ke gabanmu ina sakewa.

Asabar, da la'asar

Na sa shi ya ajiye motar a bayan makaranta, wajen famfo. Ya fita bai yi sallama ba, ban ga laifinsa ba. Na nemo bokiti da sabulu na durƙusa ina wanke kujera, rigar tana liƙe a jikina.

Na ji taku a bayana, na san na Dogo ne. Na so ƙasa ta tsage. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya rataya a ƙofar mota, ya karɓi bokitin ya ce, "Je bayi, ga makulli."

Da na fito sanye da rigarsa, ta kai mini har gwiwa, ya cire rigar kujerar ya jiƙa, yana goge ƙasan.

"Tun yaushe?"

"Tun asibiti."

"Za a mayar?"

Na girgiza kai. Shi ne mutum na farko da na gaya wa, kuma ko shi da ka na gaya masa, ba da baki ba.

Ya matse tsumma ya ce, "Kuma ka bar ni na je har wurin kafinta na ce ya leƙa kujerarka."

Na so in yi dariya, abin da ya fito ba dariya ba ne. Ya juya mini baya ya ci gaba da goga har na gama.

Lahadi, da safe

Na shigo jiya da rigar wani, nawa kayan a ƙulle cikin leda. Ta gani. Da na fito daga wanka ledar ba ta inda na ɓoye ta. Yau kayan suna kan igiya.

Litinin, da hantsi

Manaja ya kira, ban ɗauka ba. Dogo ya kira, ban ɗauka ba. Yanzu duk makaranta sun sani. Mai share ofis ta sani. Ɗan bankin ya gaya wa na kusa da shi a wurin aiki, na kusa da shi ya gaya wa matarsa.

Talata, da hantsi

Ina kwance a falo fuskata ga bango, na ji keke ya tsaya. Ta shigo, tef ɗin awo a wuyanta, alli a hannu. Ta sa sakata a ƙofar waje.

"Baban yara, tashi tsaye."

"Me za a yi?"

"Awo."

Na ce ta san awona tun kafin a haifi babbanmu.

"Na san na da. Wandunan nan da ka na yi su, shi ya sa gefen hagu yake ja. Kuma akwai abin da nake so in ɗinka, ba zai yiwu da ka ba. Ɗaga rigar."

Na ce, "Ba abin gani ba ne."

"Na gani. Kwanakin farko da ba ka san inda kake ba, wa kake zaton Sista ta koya wa? Ni na fara canja maka ita kafin kai ka san tana nan."

Duk kulle ƙofar nan, duk buɗe famfon nan.

Na ce, "Ba za a mayar ba. Ranar Litinin ɗin can ƙarya na yi miki."

"Na sani. Tun ranar aikin likita ya ce mini da wuya. Na bar ka da wataƙilarka don na ga ita kaɗai kake iya haɗiyewa."

Na tashi. Na ɗaga rigar, na kafe idona a kan fanka. Hannunta da sanyi. Ta zagaya tef ɗin ta saman wurin, ta zagaya ta ƙasa, ta auna daga cibiya zuwa bakin jakar, tana motsa baki kamar yadda take yi wa kowace mai kawo ɗinki. Ta ce in zauna kamar ina cikin mota, ta ɗauko ɗankwali ta gitta mini shi a ciki a matsayin bel, ta yi alama da alli a jikin singiletina.

Na tambaye ta abin da na daɗe ina so in tambayi wani. Na ce, "Tsakaninki da Allah, ina wari?"

"Turare kake, har kaina yana ciwo. Ka rage." Ta naɗe tef ɗin a yatsa. "Kuma ka ci abinci. Ba zan riƙa rage wando duk mako ba, ina da aikin mutane."

Fankar ce ta sa idona ruwa.

Laraba, da yamma

Ta ɗinka wata ɗamara mai faɗi da aljihu ta ciki, jakar tana shiga ta kwanta, ba ta lilo. Ta ɗinka wani ɗan matashi da soso, an fafe tsakiyarsa, ana maƙala shi a jikin bel yadda in ya kama, gefe zai danna, ba wurin ba. Da ragowar yadin wata mata ta yi matashin, mai furanni ja. Na ce ba zan shiga mota da furanni ba. Ta ce in na sami baƙin yadi in kawo.

Na ci shinkafa da ƙwai. Na cinye.

Na mayar da matashina ɗaki. Na kwanta can bakin gado, na ba ta baya, jikina a sandare kamar sabon ɗalibi a kan sitiyari. Ta ce, "In ka faɗo ba zan iya ɗaga ka ba, matso."

Juma'a, bayan azahar

Na je. Sahun ƙarshe, kusa da ƙofa, yadda in wani abu ya faru zan zame. Ba abin da ya faru. Ban fahimci ko kalma ɗaya daga huɗubar ba, kunnena yana kan cikina. Amma na je.

Litinin, da safe

Dogo ya zo ƙofar gida ya yi ta danna hon har na fito don kar maƙwabta su taru.

A hanya ya ce ɗan bankin ya nemi a canja masa malami, a mayar da shi wurin shi Dogon. Ya ce yaron bai gaya wa kowa komai ba, cewa kawai ya yi kunyata yake ji. Ban sani ba ko gaskiya ne, ko Dogo ne yake shafa mini mai.

Na shiga ofishin Manaja har ciki, na zauna. Na gaya masa da bakina. Na yi ta kewaye kafin in kai, shi kuma yana ta gyara takardun da ba su karkace ba. Ya ce, "Da ka faɗa tun farko, Malam." Ya ce zan riƙa yin safe, darasi gajere, da hutu a tsakani don in duba kaina. Sabon malamin zai riƙe yamma. Motar da ta kasance tawa ni kaɗai yanzu ta mutum biyu ce, sai ranar hutu zan tafi da ita gida.

Ya yi mini ciwo. Na ce na gode.

Da na fito, mai share ofis ta ce, "Sannu da dawowa, Malam Birki," ta ci gaba da shararta. Na tsaya ina jira in ga ko za ta toshe hanci. Ba ta toshe ba. Wasu samari biyu masu jiran darasi sun yi dariya a kan benci, wataƙila a kan wayarsu ne. Wataƙila.

Laraba, da hantsi

Sabuwar ɗaliba, malamar firamare, ta kusa sa'ata. Tana riƙe sitiyari kamar za a ƙwace mata. Ta dubi matashin mai furanni a jikin bel ɗina, ta kau da kai.

Muna tafiya a giya ta biyu a layin da ba kowa, shiru, sai abin ya yi ƙara. Ta taka birki har muka yi gaba.

"Malam, na fasa wani abu?"

Tari ya zo mini har maƙogwaro. Na haɗiye shi.

Na ce, "Ba motar ba ce, ni ne. An yi mini aiki a hanji, jaka nake ɗauke da ita. Wani lokacin tana magana, ba na iya hana ta."

Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi. Na zaci giyar ce." Sai ta ji abin da ta faɗa, ta rufe baki da hannu. "Wayyo, Malam, ba haka nake nufi ba. Allah ya ƙara sauƙi."

Na ce, "Amin. Hannu biyu a kan sitiyari. Koma giya ta ɗaya."

Kunnuwana ba su huce ba har muka gama. Amma ta biya darasin gobe, kuma ni ta ce tana so.

Alhamis, da yamma

Kunyar ba ta tafi ba. Da safe tana nan in na tsaya gaban madubin bayi. Sai dai yanzu tare muke fita aiki, ba ita ke kulle ni a gida ba. Sista ta ce fatar ta yi kyau, in dawo Alhamis mai zuwa.

Lahadi, da safe

Motar tana ƙofar gida. Ina shan shayi Tela ta fito da mayafi da takalmi maras tsini, makullin a hannunta.

Na ce, "Ina zuwa?"

"Filin ƙwallo. Ba kowa yanzu. Za ka koya mini."

Na yi dariya na ce bayan duk shekarun nan, yau kuma me ya tashi?

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ranar da ka faɗi a tsakar gida, motar nan tana nan inda take. Makullin nan yana hannuna. Na fita ba takalmi ina buga ƙofofin mutane, ina neman wanda ya iya, kai kana kwance kana kiran sunana. Ka koya wa rabin garin nan. Ba zan sake tsayawa haka ba."

Ban san wannan ba. Ni abin da na sani, na buɗe ido na ga silin ɗin asibiti.

Na ajiye kofin. Na kai mu filin, muka yi musayar kujera. Na maƙala matashina mai furanni, na ja mata kujera gaba don ƙafarta ta kai. Ƙafar tela ce, ta saba da keke, sai ta riƙa taka totur tana saki, tana taka tana saki, motar tana tsalle kamar akuya. Na ce, "Ba ɗinki ba ne, Tela, ajiye ƙafar wuri ɗaya." Ta ce kar in yi mata tsawa, ita ba ɗalibar kuɗi ba ce. Motar ta yi ta mutuwa har na daina ƙirgawa.

Can dai ta kama. Muka tafi a giya ta ɗaya, a hankali, daga wannan raga zuwa waccan, tana leƙen gaba ta saman sitiyari, harshenta a tsakanin haƙora kamar in tana zura zare.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Ranar Alhamis ni zan kai ka asibiti."

Na ce, "Alhamis ɗin wace shekara?"

Dariya ta ƙwace mata, ƙafarta ta zame daga kan kuloc, motar ta yi tsalle ta mutu a tsakiyar fili. Na buɗe baki zan gaya mata abin yi. Kafin in yi magana ta taka kuloc, ta mayar da giya, ta murɗa makullin da kanta.